Kunnen Hagu

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsaya a bakin tafkin wankan gidansa a Bawku ya ce wa baƙinsa ni wani kurma ne mai gyaran tayil. Ina durƙushe kusa da ƙafarsa, guduma a hannuna. Abin da ya yi min ke nan, kuma ba zan shafa masa mai ba.

Maganar kurma akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Kunnena na hagu ya mutu tun ina ɗan shekara goma sha uku. A Salaga muka tashi, garin da in ba ka kallon ƙasa sai ka tsinci kanka a rijiya. Akwai wata tsohuwar rijiya a bayan gidanmu, bakinta daidai da ƙasa. Ƙanen nan nawa shi ne autanmu, a lokacin shekararsa biyar. Ya bi ɗan akuya a guje, ya zurma. Na ɗaura igiyar guga a jikin bishiya na sauka, igiyar ta zame, gefen kaina ya daki dutse. Na dai riƙe shi ta wuyan riga har manya suka zo suka jawo mu. Wata biyu kunnen yana ruwa, daga nan ya yi shiru. Shi ya raba ni da makaranta. Malam yana magana ta haguna, ni ina kallon allo, ya ce taurin kai ne. A aji shida na ajiye.

Aka kai ni Yendi wajen wani magini, muna ce masa masta. Shi ya koya min cewa ba da ido ake duba tayil ba. Ka ɗauki ƙotar guduma ka bi su ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya zauna a kan siminti sosai zai amsa maka da nauyi, dam. Wanda ƙarƙashinsa ya zama rami zai ce ƙwal, kamar ƙwaryar da babu komai a ciki, ko da fuskarsa tana sheƙi. Nakan karkata kai in miƙa kunnen dama kusa da ƙasa. Masta ya yi ta dariya yana cewa, “Kai ka fi mu sa’a, ɗaya na aiki, ɗaya na hutawa daga surutun mutane.” Allah ya jiƙansa. Shekara talatin ke nan da wannan kunnen nake ci.

Shi kuwa Auta, Allah ya buɗa masa. Ya koma Bawku yana fataucin shanu har ƙetaren iyaka, ya je Makka, ya gina gida, ya sa aka haƙa masa tafkin wanka a tsakar gida irin na otal. Da na ji labari sai da na yi dariya, don na san mutumin nan ko kwalekwale ba ya shiga. Har ya girma, in za a je garin Kete Krachi ta ruwa sai ya ce kansa na ciwo.

Bara ya kira ni a waya. Ya ce tayil ɗin bakin tafkin suna motsi, ɗaya ma ya yanke shi a babban yatsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Bawku cike take da masu aiki, amma ni ya nema. Mahaifiyarmu, Mma, ta ɗaure masa daddawa da busasshiyar kuɓewa a tsumma, ta ce, “Ka duba min shi, ko yana cin abinci.”

Na tarar da aikin banza. Wanda ya fara yi ya ɗiga siminti a kusurwa huɗu kawai ya manna, ruwa ya samu hanya ya shige ƙarƙashi. Ga su masu santsi, irin na falo, a wurin da ake takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Na zagaye tafkin a gwiwa ina ƙwanƙwasawa, duk wanda ya ce ƙwal in yi masa alama da alli. Aka ba ni ɗaki a gefen maigadi. Na ce ƙila don ya fi kusa da aikin ne.

Rana ta uku da hantsi ya fito da baƙi uku, abokan fataucinsa, yana nuna musu gida. Ɗayansu, wani dattijo mai carbi, ya dube ni ya dube shi, ya ce, “Alhaji, wannan fa? Goshinku iri ɗaya.”

Ya rage murya ya ce, “A’a, wani kurma ne daga Salaga, yana gyara mana tayil. Ku zo ku ga lambu.”

A gefen kunnena na dama yake tsaye.

Ba musun da ya yi ne ya fi ci na ba. Mutum yakan ji kunyar ɗan’uwansa mai ƙura a gira, na sha gani. Amma ya rage murya, ya zaɓi gefen da yake zaton ba na ji, sai ya zaɓi ba daidai ba. Ya manta wanne ne.

Na so in tattara kayana in kama hanyar tasha. Sai na dubi layin da na ɓamɓare, ga siminti a buɗe, ga wajen zurfi dab da shi, na tuna kullum da safe ta nan yake bi, waya a kunne, silifas a ƙafa. Na zauna. Na kankare tsohon simintin har ƙasa, na wanke, na bari ya sha iska. Na shiga kasuwa da kaina na zaɓo tayil masu kaushi waɗanda ke kama tafin ƙafa. Kowanne na cika bayansa da siminti baki da baki, na ɗan karkata su don ruwa ya riƙa gangarewa waje. Kwana huɗu na ƙara. Ban taɓa yi wa kowa aiki da hankali haka ba, kuma raina a ɓace na yi shi.

Ranar da zan tafi ya fito shi kaɗai da kofin shayi. Na miƙa masa ƙullin Mma, wanda na riƙe duk kwanakin nan. Ya shinshina, fuskarsa ta koma ta yaron nan mai bin akuya. Ya ce, “Yaya, aiki ya yi kyau.”

Na ba shi gudumar na ce ya ƙwanƙwasa. Ya sunkuya da ƙyar saboda tumbi, ya buga ɗaya, ya buga biyu. Dam. Dam.

Na kama hannunsa na ɗora a kan kunnena na hagu, na ce, “Auta, wannan ne. Wannan ne na bari a rijiya. In za ka sake cewa ba ka san ni ba, ka zagayo ta nan, ba zan ji ba, ba kuma zan kai wa Mma ba. Kuma ka daina waya a bakin ruwan nan. Gwiwata ta tsufa, Salaga da nisa.”