Gaisuwar Baba ga Mai Hagu

Mun tashi da asuba daga gidanmu na Fagge, ni da wani abokina da muka daɗe muna ƙulla niyyar umra tare. Kafin mu shiga mota na leƙa ɗakin Baba in yi masa sallama. Na same shi a kan buzu, ƙafar hagu a miƙe kamar kullum, rediyonsa a gefe. Na ɗauka dabino zai ce in kawo masa, ko zamzam. Sai ya miƙo min ƙullin farin goro a ganye, ya ce, "In ka sauka Jidda ka nemi Mai Hagu, ka gaishe min da shi. Ka kuma tambaye shi ko tasa ma tana tsami in hadari ya haɗo."

Wanda bai san gidanmu ba, zai zaci wani tsohon amininsa ne. Mai Hagu ɗan ƙwallo ne, Bature ɗan ƙasar Sifen, mai tsaron baya, kuma bai ma san an halicci Baba ba. Sunan ma Baba ne ya raɗa masa. Shi Baba ya taka leda a samartakarsa har ana yi masa kirari a unguwa, sai gwiwarsa ta hagu ta goce a wani wasa, daga nan bai ƙara komawa fili ba. Bayan shekaru ya ji a rediyo cewa wani saurayi a Sifen, wanda ya taso daga ƙungiyar ƙauyensu ya shiga babbar ƙungiya, ya gamu da irin wannan ciwon. Baba ya ce wannan ya gama, ni na san ciwon. Sai ga saurayi ya dawo fili. Tun ranar Baba ya riƙe shi nasa. Ya bi shi lokacin da yake tashe, ya bi shi da aka sayar da shi ga ƙananan ƙungiyoyi kowa ya manta da shi, har ya zo ƙarasa wasansa a Jidda. Duk hirar da aka yi a kansa kuwa, da magana ɗaya Baba yake rufe ta: "Ya fi ni zuciya, shi ya sa ya dawo." Yana faɗa yana dariya, amma mu 'ya'yansa mun san ba dariya ba ce.

A filin jirgin Kano aka fara yi min asara. Ashe ba a shiga Saudiyya da goro, jami'an suka karɓe ƙullin cikin ladabi. Abokina ya yi ta min dariya har muka zauna a jirgi, wai in gode wa Allah da gaisuwa ba ta fitowa a na'urar bincike.

Jidda ta tarbe mu da wani zafi mai danshi, irin wanda riga ke manne wa mutum tun bai ɗauki jakarsa ba. Muka wuce Makka muka yi abin da ya kawo mu, Allah ya karɓa, sannan muka dawo Jidda, unguwar Waziriyya, wajen wani ɗan'uwan mahaifiyata da nake kira Kawu. Haifaffen Jidda ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa suka zauna. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci ne, kuma ba ya sanarwa in zai sauya.

Waziriyya ta burge ni. Lunguna ne matsattsu, kanti na jingine da kanti, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigo wa masu wucewa ruwa a ka. Kana tafe sai ka ji wata ta ƙwala wa ɗanta kira da Hausa tsantsa, ka waiga kamar kana Kurna. Da safe mukan sayi tamis, wata faffaɗar gurasa mai zafi, riyal ɗaya, mu haɗa da dafaffen wake da suke kira ful. Da rana shinkafa ce da rabin kaza a riyal goma, mu biyu mu ci mu bar saura. Goro ma akwai shi, wajen wata dattijuwa da ke fito da shi daga ƙasan tire bayan ta duba gabas da yamma. Kuɗin ƙwaya ɗaya ya kusa na kazar nan. Na rufe ido na saya.

Neman Mai Hagu ne ya so ya gagara. Mun je ƙofar ƙungiyar tasu a tasi, mai gadi ya ce kakar wasa ta ƙare, halas. A hanyar dawowa abokina ya ba ni shawara irin ta masu son sauƙi: in koma in ce wa Baba yana amsawa, wa zai tona? Na ce masa gaisuwa amana ce. Ban da haka ma, Baba in ya kafa wa mutum ido, ƙarya ba ta kai ƙarshen jimla.

Da na ba Kawu labari, sai ya ajiye kofin shayi. "Al-Isbani, ɗan Sifen ɗin nan? Ya salam, ai ni nake kai moya layinsu a Abhur! Ya ajiye takalmi, ɗana, cikin satin nan zai tafi. Bukra ka shirya, yalla." Kawu direban tankar ruwa ne, yana kai wa manyan gidaje ruwa. Ina ta nema a nesa, ashe abin yana kaina.

Haka washegari na ratsa Jidda daga kudu zuwa arewa a gaban tanka, ruwa na kaɗawa a bayanmu duk sanda Kawu ya taka birki. Hanyoyin faɗi gare su, ba rami, amma direbobin kowa gani yake shi kaɗai aka yi wa titin. A kowane shataletale an kafa wani abin kallo, har da wani ƙaton keke da ya fi bene tsawo, na ce ko na Samudawa ne. Muna matsawa arewa gidaje na ƙara girma, mutane na raguwa. A Abhur katangu ne dogaye, da ƙanshin teku da gasasshen kifi. Na tambayi kuɗin kifin sau ɗaya, ban ƙara ba.

A ƙofar gida muka same shi, tsakanin kwalayen kaya, da gajeren wando da silifa. Wallahi na sha mamaki. Rediyo ta sa na ɗauka ƙato ne, sai ga mutum madaidaici, furfura ta fara taɓa gemunsa. Kawu ya haɗa Larabci da hannu, ni na ƙara da guntun Turancina, shi kuma yana ta murmushin wanda ya ɗauka hoto ake so. Da na ga bayani ya ƙi, sai na dafa gwiwata ta hagu, na ce mahaifina, irin taka, ya daina wasa, yana jin ka a rediyo tun ciwonka na farko.

Murmushin ya ɗauke. Ya jawo kwali ya zauna, ya nuna mana doguwar shedar tiyata a gwiwarsa, ya sa Kawu ya sake maimaita masa maganar a hankali. Ya ce a garinsu ma akwai masu tambayarsa wai har yanzu yana wasa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa bai tsaya ba. Don in sassauta abin na miƙa masa goro. Ya gatsa da ƙarfinsa, fuskarsa ta tattare wuri guda, Kawu ya yi dariya har da riƙe tayar mota. Amma ya daure ya haɗiye, ya sa ragowar a aljihu.

Na isar da tambayar hadari. Ya ce ƙwarai, a ƙauyensu shi ke gaya wa mahaifiyarsa ta kwashe shanya tun sama na fari tas. Sai na ƙara da abin da ba a aike ni ba, na ce Baba yana cewa ka fi shi zuciya. Ya girgiza kai da ƙarfi. Kawu ya fassara min: "Ya ce la, la. Ya ce shi ma ya yi kuka, har ya ce ya bar ƙwallo. Shi ya samu daktoci da masu gasa masa ƙafa shekara guda, babanka bai samu ba. Iyakar bambancin ke nan. Ya ce ka gaishe shi, gaisuwar ɗan wasa ga ɗan wasa."

Mun dawo Kano damina ta kankama. Na raba dabino da zamzam da tasbaha, abokina ya wuce gidansu, sannan na shiga ɗakin Baba na durƙusa. Wannan tafiya ta koya min cewa mutum kan yi shekaru yana yi wa kansa hukunci a kan abin da ba laifinsa ba ne, kuma saƙon da ka raina nauyinsa, wataƙila shi ne mafi nauyi a kayanka. Da na bi shawarar sauƙi, da "yana amsawa" kawai zan kawo, in bar maganar da Baba ya fi bukata a bakin teku.

Na ce, "Baba, Mai Hagu yana gaishe ka." Na faɗa masa komai, har maganar daktoci, ban rage ko kalma ba. Ya shafa gwiwarsa. Sannan ya gyara zama, ya daidaita hularsa kamar baƙon yana bakin ƙofa, ya ce, "Ina amsawa."

Can kuma ya ɗaga murya ya ce a kwashe shanya, ruwa na tafe.