Atishawa a Kan Mashin ɗin Baba Makau

Faruk ya riga ya saki hannu biyu kafin tayar gaba ta faɗa ramin da ke bakin kwalbati. Atishawa ce ta taso masa, kuma an gaya musu a makaranta cewa mai atishawa ya rufe baki. Yaro ɗan shekara shida, shi ne na ƙarshe a baya, sai ya bi umarni. Ya yi sama, ƙafafunsa suka bar mashin.

Manu mai faci, wanda rumfarsa ke kallon wurin, ya ce bai ga lokacin da hannun Makau na hagu ya koma baya ba. Ya dai ga yaro na lilo a iska, an damƙe shi ta wuyan riga, mashin kuma ya saki hanya ya kutsa gonar gero ya kwanta a hankali. Yara huɗu, babu ko ƙwarzane. Makau ne ya tashi da gwiwa tana jini.

"Kai wanga yaro, wa ya ce ka saki?"

"Malama ta ce mu rufe baki."

Makau ya ɗaga mashin ɗinsa. "Malama ta yi gaskiya. Amma ita ba bisa mashin take ba."

Wannan shi ne Makau ɗan kabu-kabu, wanda ya shekara da shekaru yana kai 'ya'yan unguwarmu firamare a nan Bukkuyum. Tun hantsi bai ɗaga ba za ka ji hon ɗinsa a ƙofar gida. Cikin yaran da yake ɗauka har da ɗiyata Bilki, wadda aka haifa da raunin ƙirji. Murar da wani yaro zai yi yana wasan ƙwallo, ita sai ta kwantar da ita a gadon asibiti tana jan numfashi kamar ana zare shi da igiya. Innarta ta sha cewa a cire ta daga makaranta. Makau ya san haka. Ya kuma lura cewa in yaro ɗaya ya hau da tari a farkon mako, kafin Juma'a rabin fasinjansa na kwance.

"Mashin kwano guda ne," haka yake cewa. "Abin da ɗaya ya zuba, kowa sai ya ci."

Washegarin faɗuwar nan bai tada inji ba sai da ya jera su a bakin zaure. Ya nuna musu: hannu na nan riƙe da ƙugun na gaba, kai ne zai sunkuya, hanci da baki su shige lungun gwiwar hannu. Ba a saki kowa ba, ba a fesa wa kowa ba, tafin da za a ci tuwo da shi kuma ya tsira. Daga ranar ya zama ƙa'ida.

"Atishawa ta zo, ina za ta?"

"Gwiwar hannu."

"Tafi fa?"

"Yana bakin aikinshi."

Mai mura a baya yake zama, don iska ta kwashe abin ta yi baya da shi, Makau ya zagaye su da tsohon majanyin matarsa ya ƙulle a cikinsa. Bilki kullum a kan tanki, inda iska ke fara isowa. A ƙofar makaranta sai ya kwance butar da ke rataye a gefen mashin, da guntun sabulu, kowa ya miƙo hannu. 'Yan uwansa masu kabu-kabu suka sa masa suna Likitan Tasha.

"Likita, a ba mu na basir mana."

"Ku fara daina share majina da hular fasinja," in ji shi, ya wuce.

Abin da na fi kewa shi ne hon. In yaro ya yi atishawa daidai, aka ji alhamdulillahi a dushe daga cikin hannun riga, Makau zai ce yarhamukallahu, ya danna hon sau ɗaya. Har ƙaryar atishawa suke yi don su ji shi. Yanzu ka shiga gidan suna a unguwarmu, za ka ga 'yar mitsitsiyar yarinya ta cusa fuska a gwiwar hannu, ta ɗago tana hararar kakanta da ya yi tasa a fili.

Kai ne, Baba Makau, ka sa Bilki ta kai aji huɗu ba a cire ta ba. Kai ne uban tafiya da ba ya barin na baya. Yanar ido ta sauke ka daga mashin, ɗanka Almustapha ya tafi da kai Gummi, ka bar mana majanyi da buta a zaure. Har yau Bilki kan tsaya cak da safe in wani mashin ya gifta, ta saurara, sannan ta ci gaba da ɗaura takalmi. Mun gode. Allah ya buɗe maka idanunka, ya saka maka da abin da ba mu iya biya. Masu ɗaukar 'ya'yan mutane, a mashin ko a mota, ga hanya nan an share muku.

Shekaranjiya aka turo mana wani sabon ɗan kabu-kabu. Matashi ne, baƙo a garin, mashin ɗinsa na sheƙi. Yana tsayawa ya saki atishawa cikin tafinsa, ya goga a wando, ya miƙa hannun nan zai ɗora Bilki kan tanki.

Ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta.

"Atishawa ta zo, ina za ta?" Faruk ne ya tambaye shi, a hankali.

Baƙon ya dubi yaran, ya dube ni. "Malam, mi wanga yaro ke faɗi? Za su hau, ko in yi gaba? Ina da wasu na jira."

Ban kai ga amsawa ba, Faruk ya shige zaure. Ya fito da butar Baba Makau da guntun sabulu, ya tsaya a gaban tayar mashin.