Ɗalhatu Sufeto da Jakar Hajiya A'i

A can ƙasar Larabawa, a layin masu aika kaya ta jirgi na unguwar Al Buteen, in ka ce Ɗalhatu sai a tambaye ka wanne. Ka ce Sufeto, nan take za a nuna maka siton Alhaji Kamal, inda ya shekara goma sha uku yana tsaron kayan 'yan kasuwar Kano kafin a loda su a kwantena. Bai taɓa sa kakin ɗan sanda ba. Karatu ne ya ja masa sunan.

Mahaifinsa masinjan kotu ne a Kano, ya rasu ya bar masa akwatin tsofaffin littattafan Turawa na binciken laifi, irin na zamanin keken doki. Tun daga nan ya kamu. Har yau duk ranar hutunsa sai ya bar ɗakinsu na unguwar Abu Hail ya tafi unguwar Al Satwa tonon littattafan gwanjo. Gwanayensa su ne masu binciken farko-farko, waɗanda ba ruwansu da bindiga, sai dai su dubi laka a takalmin mutum su faɗa masa inda ya fito, a ƙarshe su tara kowa a falo su nuna mai laifi da yatsa. Baƙin cikinsa ɗaya ne, kuma abin dariya: a tsawon shekarun nan ko allura ba ta taɓa ɓata a sitonsa ba.

Sai wata Alhamis da safe Hajiya A'i, mai safarar atamfa da turare, ta zo duba kayanta, ta ɗora hannu a ka. Jaka ɗaya babu, kuma ita ce mai kayan lefen ɗanta.

Alhaji Kamal ya zare makullin sito daga hannun Ɗalhatu ya ajiye a tebur. "Kai kaɗai ke riƙe wannan. Ko kai ne, ko masu lodi ne. Bayan la'asar za a rufe kwantena. In ba a gan ta ba, khalas, aiki ya ƙare, ka kuma san bizarka a kan kamfanin nan take."

Tsoro ya kama Ɗalhatu, don 'ya'yansa huɗu a Kano da wannan aikin suke ci. Amma Allah ya yafe masa, can ƙarƙashin tsoron wani daɗi ne ke tasowa. Yau ga bincike na gaske ya zo har gida!

Ya fara da kyamarar bakin ƙofa. Ba abin da ya fita sai kayan wata Hajiya Ummi Kulsum, da aka kai filin lodi jiya. Ya dawo ya tsuguna gaban sauran jakunkunan Hajiya A'i. Matan nan ba su cika rubuta suna ba. Kowacce ƙyallen atamfa take ɗaurawa a hannun jaka, shi ne shaidarta, da shi kuma Ɗalhatu yake ware kaya. Nata kore ne mai zanen kifi.

"Hajiya, ina kika samo wannan ƙyallen?"

"Ana maganar lefe kana maganar tsumma? Ragowar ankon bikin 'yar ƙawata ne."

Ya miƙe zumbur. "Anko! Ku nawa kuka yi shi?"

"Mun fi ɗari."

"Har da Hajiya Ummi Kulsum?"

"Kujerarmu ɗaya ma a wurin dina."

"Da almakashi kika yanka ko yagawa kika yi?"

"Wa ke da lokacin almakashi? Da haƙori na fara, na ja."

Bai tsaya jin sauran ba. "Yalla, yalla, maza!" yake ce wa direban tasi, kamar shi ne zai ƙara wa motar gudu. A filin lodi, cikin ranar nan mai narka kwalta, ya kutsa kwantena yana bin jakunkunan Hajiya Ummi Kulsum ɗaya bayan ɗaya. Duk koren ƙyalle mai kifi, duk yankan almakashi sumul. Can kusa da ƙurya sai ga ɗaya mai bakin zare buzu-buzu. Ya rungume ta yana dariya shi kaɗai, masu lodi suna kallonsa kamar ya zautu.

A hanyar dawowa dariyar ta ɗauke. Masu lodi abin da aka nuna musu kawai suke ɗauka. Wanda ya dubi launi bai dubi bakin ƙyalle ba, ya jera jakar cikin kayan wata, shi ne Ɗalhatu, mai koya wa mutane lura. Yana iya cewa "an gan ta" ya ja bakinsa ya yi shiru, zargin ya tsaya a kan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba.

Ya tara kowa a sito, yadda ya daɗe yana mafarki: Alhaji, Hajiya, da masu lodin da suka biyo shi. Ya bayyana anko, ya bayyana almakashi da haƙori, Hajiya A'i tana ta buɗe jaka tana hamdala. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Mai laifin yana cikin ɗakin nan."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Ya juya yatsan ya dafa ƙirjinsa.

Alhaji Kamal ya dube shi. "To, Sufeto, ka kama shi. Me za a yi masa?"

"Ranka ya daɗe, a littafi mai bincike ba ya yanke hukunci."

Alhaji ya ɗauki makullin yana juya shi a hannu. "Shekara ashirin ina wannan harka, kafin zuwanka kaya sun sha ɓata. Ban taɓa ganin wanda ya kawo kansa da ƙafarsa ba." Ya cilla masa, Ɗalhatu ya cafe da hannu biyu. "Gobe ƙarfe bakwai. Ka sa ido sosai a kan mutumin nan da ka kama."