Yadda Shirun Motata Ya Kwantar da Surukina

Ina gaishe ku, ku da masu karanta wannan mujalla. A shekarun da abin da zan ba ku labari ya faru, ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina zaune a Zuru, wurin aikina kuma yana can wajen Bena. Mijina soja ne kamar yadda mahaifinsa ya yi soja, irin sojan da sai a yi watanni ba a ga ƙeyarsa a gida ba. Gidan ya rage daga ni sai yarana sai surukina, wanda duk muke kira Baba. Ba zan ɓoye muku ba, a wancan lokaci ni mace ce mai rawar kai. Ina son a ce ni na fara kawo abu unguwa, kuma in na ƙulla abu a raina ba na tsayawa jin ta bakin kowa.

Baba ya rasa ganinsa bayan ya bar aikin soja, amma ba ka isa ka kira shi makaho a gabansa ba. Kunnensa ya tsaya masa. Ya san babur ɗin kowa a layinmu, ya san takun kowane jikansa, in na dawo aiki raina a ɓace kuwa daga yadda na rufe ƙofa zai tambaye ni wa ya taɓa ni. Kullum da safe zai ɗauki sandarsa, ya bi bango har bakin get, ya tsaya ya saurara, ya tsallaka titi, ya tafi gindin wani mangwaro da ke gaban shagon wani Inyamuri, inda tsofaffin sojoji ke zama suna gardamar fansho da labaran rediyo. Ba ya yarda kowa ya riƙe masa sanda. Wannan tafiyar ta safe ita ce abin da ya rage masa na mazantaka, kuma duk gidan mun san da haka.

Da ina hawa tsohuwar motar mijina ce, wadda sai an tashe ta an bar ta tana ruri tana hayaƙi kafin ta yarda ta motsa. Duk layin ya san lokacin fitata. Da kuɗin mai ya tashi sai ta zame mini ƙarfen ƙafa, albashina yana ƙarewa a gidan mai. Wani abokin aikina ya ba ni labarin motar da ake kira haibirid, wadda ke haɗa mai da batir: in kana tafiya a hankali batir ke jan ta, in ka taka sosai injin ya karɓa, kuma da kanta take cika batirin, ba ruwanka da jiran wutar da ba ta zuwa. Na dami mijina a waya har ya gaji ya amince. Muka sayar da tsohuwar, aka kawo mini wata ta hannu daga Kaduna. Gaskiya ɗaya ce, motar nan ta rufa mini asiri. Man da nake ƙonawa a zuwa Bena sau ɗaya ya koma yana kai ni ya dawo da ni har da saura. Babu hayaƙi, babu ruri. Ina bi ta kasuwa mutane na juyowa suna mamaki, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Ranar da aka kawo ta Baba ya fito ya shafa ta tun daga gaba har baya, ya ce in tashe ta ya ji muryarta. Na ce masa ai a tashe take. Ya yi dariya, ya ce in daina yi wa tsoho tsiya. Da na rantse masa, na kuma matsa da ita gaba kaɗan hannunsa na kanta, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce shi ba ya son baƙon da ke shigowa gida ba sallama. Na yi ta dariya, na ɗauke shi a rigimar tsufa, har ina ba mutane labari a wurin aiki.

Wata safiya ta damina na makara. An yi ruwa da asuba, tsakar gida ta yi laushi. Na shiga mota da sauri, na danna maɓalli, na duba madubi ban ga kowa ba, na sa ribas. Motar tana yin wata 'yar ƙara in an sa ribas, amma a ciki take yi, ni kaɗai nake ji. Ashe Baba ya fito, ya saurara kamar yadda ya saba, bai ji komai ba, ya ratso ta bayan motar. Takalminsa ya kafe a taɓo, ya sunkuya zai zare shi, shi ya sa madubi bai nuna mini shi ba. Na ji na bugi abu. Na taka burki na fito, na same shi kwance a taɓo, sandarsa a ƙarƙashin taya. Bai yi ihu ba. Abin da ya faɗa kawai, da yarenmu na C'lela wanda yake komawa gare shi in abu ya kai masa, shi ne wane ne, wane ne ya ture shi.

Ƙashin ƙugunsa ya tsage. Aka tura mu babban asibiti a wani gari mai nisa, aka yi masa aiki, muka yi ta zirga-zirgar komawa ganin likita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne motar da ta kayar da shi ita ce ta yi ta jigilarsa. A lokacin ana wahalar mai, motoci sun yi layi a ko'ina, ni kuwa ɗan abin da na samu yana kai mu ya dawo da mu, kuma don ba ta jijjiga shi har barci yake yi a bayanta. Na rasa ko in gode mata ko in tsine mata. Ta nuna mini wani halin nata ma a wannan tsakanin, ranar da wata fitila ta kama a gaban sitiyari. Makanikenmu na Zuru ya buɗe ya leƙa, ya ga manyan wayoyin batirin, ya rufe ya ce shi yana da iyali, ba zai bari wuta ta ja shi ba, in nemi masu ita. Sai da aka kai ta Kaduna, na yi kwanaki ina bin motar haya.

Dangin mijina ba su raga mini ba. Yayarsa ta zo daga ƙauye ta ce son burga ne ya sa na kawo abin da zai kashe musu uba, wasu ma suka ce motar da ke tafiya ba ƙara ba ta Allah da Annabi ba ce. A coci ina ji a jikina ana kallona. Ni kaina na san akwai gaskiya a cikin maganarsu. Mijina kuwa a waya bai zage ni ba, ya ce tsautsayi ne, in kula masa da mahaifinsa. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ƙashi ya haɗe, likita ya ce Baba zai iya tafiya, har ma ya ce tafiyar ce maganinsa. Amma Baba ya ƙi fita. Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado. Abokansa na gindin mangwaro suka zo suka yi masa tsiyar sojan da ya gudu daga fagen daga, ya yi murmushi kawai. Ya rage cin abinci, ya daina kunna rediyo, ƙafafunsa suka fara kumbura. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na san inda tsohon da ya daina tafiya yake dosa. Wata rana da yamma na durƙusa gabansa na roƙe shi ya gaya mini inda ke masa ciwo. Ya ce ƙafarsa lafiya lau. Ya ce shekara da shekaru idonsa a rufe yake amma bai taɓa jin shi makaho ba ne sai ranar nan, don kullum in ya saurara bai ji komai ba ya san babu komai, yanzu kuwa shiru ma ba abin yarda ba ne. Na fashe da kuka, na ce masa na riga na sa motar a kasuwa, ba za ta sake kwana a gidan ba.

Can ya tambaye ni ko tawa ce kaɗai a duniya. Na ce a'a. Ya ce abokansa sun gaya masa a manyan garuruwa har babura da kekuna masu batir sun fara yawa, to in na sayar da tawa, gobe ɗan wani ya kawo tasa layin nan, wa zai je ya durƙusa wa? Ya ce a soja ba a koya musu su roƙi abokin gaba ya koma gida ba, koya musu aka yi su san takunsa. Ya ce in fasa cinikin, gobe in dawo aiki da wuri, akwai fareti.

Haka muka fara. Ya sa aka fito masa da kujera tsakar gida, ya zauna ya miƙe kamar mai karɓar gaisuwar sojoji. Aikina shi ne in taho da motar a hankali, ta gaba, ta baya, ta hagu, ta dama, ba tare da na gaya masa ba, shi kuma in ya ji ta ya ɗaga sanda. Kwanakin farko sai na zo dab da shi na tsaya sandar tana ƙasa. Nakan kifa kaina a sitiyari hawaye na zuba, shi kuma ya daka mini tsawa ya ce kurtu ba ya kuka a filin fareti, in koma in sake. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna cewa matar soja da surukinta sun zautu. Ban damu ba, don a ranar farko ta faretin nan ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

A hankali ya fara kama ta. Da farko tayoyin ya soma ji a kan tsakuwa, ya ce suna ƙas-ƙas. Daga baya ya ce akwai wani siririn kuka da take yi kamar na sauro, wanda ni da nake ciki ban taɓa lura da shi ba. Ya sa muka gwada a busasshiyar ƙasa, muka gwada bayan ruwa, muka fita titi inda babura ke wucewa don ya tsinto ta cikin hayaniya. A jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ta fi ba shi wahala, ya kuma faɗa mini gaskiya cewa a nan kunnensa ba zai isa ba, dole ni ma in yi nawa. Na sa aka zuba tsakuwa a tsakar gida daga rumfar mota har bakin get, na kai ta wurin mai gyaran wayar mota ya sa mata abin da ke ƙara a waje in an sa ribas. Na kuma ɗora wa kaina doka: ba na shiga sai na zagaya ta, ba na motsawa sai na danna hon.

Wata Asabar da hantsi ina dawowa daga kasuwa, na karyo kwanar layinmu a hankali, sai na hango wani tsoho a tsakiyar hanya yana ɗingishi, sanda na gaba. Baba ne, shi kaɗai, ya nufi gindin mangwaro. Na kai hannu zan danna hon, amma kafin in taɓa ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ja gefe da kyau, ya ɗaga sandarsa sama ba tare da ya juyo ba. Na tsaya kusa da shi na sauke gilashi. Ya ce in wuce in ba shi hanya, yana da gardamar da ya bari tun bara ba a gama ba.

Motar tana nan har yau, ina kuma jin daɗinta, ba zan yi mata sharri ba. Duk mai halin saye ina ba shi shawara ya saya, in ya san inda zai kai ta gyara kuma ya san batirinta ba ya dawwama. Amma abin da mai sayarwa ba zai gaya muku ba shi ne wannan: a garuruwanmu da kunne ake kauce wa mota. Tsoho da ƙaramin yaro da mai tallan da ta juya baya, har akuyar da ke kwance a inuwar taya, duk ƙarar injin ce ke tashinsu. Ranar da ka kawo mota marar ƙara ka ɗauke musu wannan gargaɗin ba da saninsu ba, don haka nauyin ya dawo kanka. Ku zagaya motarku kafin ku shiga, ku danna hon ko da kun ga ba kowa, ku gaya wa mutanen gida irin abin da kuka kawo musu. In kuma wani babba a gidanku ya nuna shakka a kan sabon abu, kada ku yi dariya irin tawa, ku tsaya ku tambaye shi me ya hango. Ni Allah ya taimake ni, tsohon da na kayar ne ya tashi ya koya mini tuƙi. Ba kowa ne nasa tsohon zai tashi ba.