Fitilar Ƙofar Ƙarshe

Ina sanar da jama'a, cikin cikakken hankalina, cewa yau wata fitila da ba ta fi ƙwayar gero ba ta kore ni daga ofis da takalmi ƙafa ɗaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni: Injiniya Habibu ya rasu a gidansa na Gude, bayan sallar asuba.

Shi ya haɗa mana na'urorin cibiyar koyon kwamfuta da nake kula da ita a Gwarzo. Ya kafa wani akwatin ƙarfe a bango, suwic, mai ƙofofi a jere. Kowace waya da ƙofarta, kowace ƙofa da 'yar fitilarta.

"Farfesa," haka yake tsokanata, "wannan ba irin wanda ake jonawa a manta ba ne. Umarni yake ji. Ka ce ya rufe ƙofa kaza, ya rufe."

Da dattawan unguwa suka ce a zamanin Shari'a ba a cakuɗa maza da mata, muka rataya labule a tsakiyar ɗaki. Habibu ya ce shi ma zai rataya nasa a cikin akwatin. VLAN ya kira shi: rufi ɗaya, amma kwamfutocin wannan ɓangaren ba sa ganin na wancan. Na ce ashe ƙarfe ma yana tuba.

Ƙofar ƙarshe ce rigimarmu. Wayarta ta hau rufi zuwa wani farantin sadarwa mai kallon Kabo, ɓangaren da Gude take, kuma ta cikinta farantin ke shan wuta. Na san gidansa take kai intanet. Da rayuwa ta yi tsada, batirin sola ya tsufa, sai na fara mita.

Ganinmu na ƙarshe, Habibu ya zo mini da soyayyar gyaɗa a leda, duk ya rame. Na ce zare wayar nan zan yi, na gaji da ciyar da laftof ɗin mutum ɗaya.

Ya yi dariya har da tari. "Fitilar nan ba ta ƙiftawa sai in da mai magana a can ƙarshen. Ranar da ka ga ta yi shiru, Farfesa, zare abinka."

Yau, kafin na kama hanyar Gude, na biya ofis in rufe. Na cire takalmi a bakin ƙofa kamar kullum. Babu kowa. Kwamfutoci a kashe, fanka a kashe, amma labulen yana motsi kaɗan-kaɗan. Duk fitilun akwatin sun mutu.

Ban da ta ƙarshe.

Ƙiftawa take da sauri, irin saurin da ban taɓa gani ba. Mai laftof ɗin kuwa yana can kwance ana shirin yi masa wanka.

To wa ke magana?

Na miƙa hannu zan zare wayar, hannun ya ƙi. Ni da na sha yi wa mutane dariya kan labarin aljanu, na fice a guje, ban tsaya neman ɗaya takalmin ba.

Bayan jana'iza na ja ƙanen Habibu gefe, na tambaye shi wa ya kunna laftof ɗin.

"Ai ya lalace tun azumi, Malam."



Sai ya ja ni bayan gida. A jikin darbejiya an ɗaure wani ɗan farin akwati mai raba intanet, tsofaffin mata na zaune a gindinta, kowace da wayar salula. 'Ya'yansu na Legas, Fatakwal, Agadas, katin waya kuma ya gagara. Wata tana ɗaga murya: "Kana ji na? Habibu ya tafi! Habibun da ke haɗa mu!"

Labarin mutuwarsa ne na gani yana wucewa ta fitilar.

Da tsohuwar ta gama ta ƙare mini kallo. "Kai ne na Gwarzo? Habibu ya ce kai kake ba mu intanet ɗin nan. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yanzu da ba ya nan, kashewa za a yi?"

Na ce a'a, Inna.

Allah ya jiƙan Habibu, ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Na ce mutum ɗaya ke shan wutar nan. Kuskure na yi. Wayar na nan inda ya bar ta.