Daga Sama Suka Faro

Sau biyu muna rasa ɗaki a Makka. Na farko a unguwar Jarwal, sabuwar hanya ta bi ta kansa. Na biyu ambaliya ta kwashe. Da muka kafa rumfar kwano a gindin wani dutse a Misfala, Baba ya ce ya gaji, cikin dutsen zai fafe mana ɗakin da ba mai ɗagawa. Wata bakwai yana sara da digar aro da guduma. Abin da ya samu rami ne da akuya za ta shiga in ta sunkuya, kullum kuma rufin yana zubo masa a ka.

Wani direba ɗan garinmu mai kai kaya Tabuka ya ba shi labarin Mada'in Salihu, inda Samudawa suka sassaƙa gidaje a jikin duwatsu. Baba ya ce zai je ya ga yadda aka yi. Ni ya ɗauka saboda na yi makaranta, zan rubuta awo. Ba a tambaye ni ba.

Inna ta ce, "Wurin da aka halaka mutane ne. Kada ku sha ruwansa. Ku shiga kuna kuka, ku fito da sauri."

"Inna, kukan dole ne?"

"Ki dai ƙoƙarta."

Kwana uku muka yi a motar direban, a kan buhunan shinkafa. Da muka isa, ya tsaya can nesa, ya ƙi matsawa.

"Awa ɗaya, Alhaji. Ko kun dawo ko ba ku dawo ba, ni halas, na tafi."

Na gwada kukan, bai zo ba. Jajayen duwatsu ne a cikin yashi, da dogayen ƙofofi sumul kamar jiya aka goge su. Ciki kuwa ƙanƙanin ɗaki, ba taga, ba baƙin hayaƙi, sai ramuka a kwance a jikin bango. Baba ya auna ɗaya da hannu.

"Nan matansu ke jera kwanuka."

"Baba, kamu huɗu ne. Tsawon mutum. Kaburbura muka zo gani."

"Rubuta kamu huɗu."

Na rubuta. Ƙishi ya dame ni, ina ta ce masa lokaci ya yi. Sai muka iso wani kabari da ke tsaye shi kaɗai, ba a ƙarasa shi ba. Samansa an gama ado tsaf, ƙasansa ɗanyen dutse ne da sawun sara. Baba ya daɗe yana kallo.

"Daga sama suka faro," in ji shi. "Suna tsaye a kan abin da ba su sara ba, suna saukowa. Ni kuwa na shiga ƙarƙashi kamar gafiya."

"In rubuta wannan ma?"

Ya juya kawai. Muka koma mota da gudu, direban har ya tayar.

Washegarin dawowarmu ya ɗauki igiya ya hau dutsenmu neman inda zai faro. Daidai saman raminsa ya tarar da bayan gida na wani tela ɗan Yaman, ginin siminti, har da ƙofa shuɗiya. Telan ya ba shi shayi. Baba ya sha, suka gaisa da iyali, ya sauko.

"Yaya?" in ji Inna.

"Mutumin kirki ne."

Ya mayar wa mai diga digarsa. Ramin muka sa wa labule, muka ajiye randa a ciki. Ruwan yana sanyi, wannan kam ba musu. Mu muka ci gaba da kwana a kwano.