Ranar da Reshe Ya Ƙi Motsawa

Akwai wata Laraba a tsakiyar damina da har yau ban manta da ita ba, kuma duk wanda ya shigo ofishinmu sabo sai na ba shi labarinta kafin in ba shi izinin taɓa babban reshe.

Lokacin ina babban mai rubuta manhaja a ƙaramin ofishinmu na Birnin Kudu. Muna gina wata manhajar waya ce da malaman gona za su riƙa aiko da rahoton cutar shuka daga ƙauyuka. Shugabarmu Hajiya Sa'adatu ce. Abokin aikina, Malam Habibu, a Gwaram yake zaune, daga gida yake aiki, sai jefi-jefi yake shigowa.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bari in yi bayani. Duk abin da muka rubuta muna adana shi a wata ma'ajiya da ke kan saba, wato babbar kwamfutar da dukkanmu muke tura aiki gare ta. Ma'ajiyar ce ke riƙe tarihin aikin mataki-mataki. Kowane mataki yana da lambarsa. Abin da muke kira reshe kuwa suna ne kawai da ke nuna mataki na ƙarshe. Idan ka turo aiki, sunan ya matsa gaba. Amma idan ka tura da ƙarfi, za ka ɗauke sunan ka ɗora shi inda kake so, duk abin da ba ya cikin layinka ya faɗi daga reshen. Wani lokaci ana iya tono shi, in an san lambarsa kuma saba ba ta riga ta share ba.

Da safiyar ranar muka gano kalmar sirrin sabarmu ta shiga cikin tarihin bisa kuskure. Mun canza ta nan take, amma Hajiya ta ce dole a goge ta daga tarihin gaba ɗaya, domin bayan la'asar za a buɗe ma'ajiyar ga masu duba aikin daga waje. Ta rubuta a zauren saƙonnin ma'aikata na waya cewa kowa ya dakata da turawa. Gogewar na nufin sake gina tarihin, kuma sabon tarihi ba ya shiga sai da ƙarfi.

Na gama gyaran daf da azahar. Ƙa'idata ita ce ba na turawa da ƙarfi zalla. Akwai hanyar da ake sa sharaɗi: a matsar da reshen idan har yana nan inda na gan shi na ƙarshe, in ya motsa a ƙi. Na tura. Saba ta ƙi.

Ƙin yana nufin wani ya turo abin da ban sani ba.

Hajiya ta leƙo daga ƙofarta. "Malam Tasi'u, an gama?"

"Ranki ya daɗe, ya ƙi shiga. Reshen ya motsa."

"Ai na ce kowa ya tsaya. Ba za ka iya tilasta shi ba?"

"Zan iya, Hajiya. Amma ban san abin da zan danne ba."

Ta dubi agogon bango, ta dube ni. "To, duba. Amma ka sani mutanen nan ba za su jira mu ba."

Na jawo abin da ke kan saba. Aikin Habibu ne, ya turo shi da hantsi. Ba ƙaramin aiki ba ne: ɓangaren da zai sa manhajar ta riƙe rahoto a waya idan babu sabis, ta aika idan ya dawo. Tun farkon damina yake fama da shi. Da alama ya samu sabis na ɗan lokaci ya turo, bai ga saƙon Hajiya ba.

Na kira shi, waya a kashe. Na sake kira, haka.

A nan ne wurin da nake so ku saurara. Da na jawo aikinsa, kwamfutata ta riga ta san sabon wurin da reshen yake. Ke nan in na maimaita umarnin ɗazu, sharaɗin zai cika, saba ta karɓa, aikin Habibu ya faɗi ba tare da ko gargaɗi ba. Umarnin yana nan a kan allo, dannawa ɗaya ya rage. Zuciyata tana ce mini ai yana da shi a kwamfutarsa, gobe ya sake turowa. Na janye hannuna na ɗora a cinya.

Na yi wa aikinsa reshen ajiya a kwamfutata, na kwafe a filashi. Ban ɗora ajiyar a saba ba, domin tsohuwar kalmar sirrin tana cikin tarihinta. Daga nan na shiga ɗauko matakansa ɗaya bayan ɗaya ina ɗorawa a kan tsaftataccen tarihin. A wani fayil aikinmu ya ci karo, ni na taɓa, shi ma ya taɓa. Na karanta layukan har idona ya fara yaji. Ko abincin da aka kawo mini ban buɗe ba. Aka kira la'asar ina gwaji, na je na yi salla na dawo gwajin bai ƙare ba. Hajiya tana tsaye a bayana, wayarta tana ta ƙara, ba ta ɗauka.

Da gwajin ya wuce lafiya, na rubuta lambar matakin Habibu na ƙarshe da hannuna a cikin sharaɗin, don in wani ya sake motsa reshen a ƙi ni. Na yi bisimilla na tura. Ya shiga.

Hajiya ta sauke numfashi. "Alhamdulillahi. Mun makara kaɗan, ni zan ba su haƙuri."

Muna shirin tashi matar Habibu ta kira. Ashe bayan ya turo aikin ya hau babur zai taho Birnin Kudu, a wani mashigin ruwa ya zame. Hannunsa ya karye, jakarsa ta tafi cikin ruwa da kwamfuta da waya. An tsamo jakar, amma kwamfutar ba ta ƙara tashi ba.

Na zauna a kan dakalin ofis, ina tuna umarnin nan da na kusa dannawa.

Washegari muka je duba shi a Gwaram, ni da Hajiya. Yana kwance a tabarma, hannu a ɗaure. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam Tasi'u, aikin nan ya shiga kuwa? Sabis ya yanke ban ga ƙarshe ba."

"Ya shiga, Malam Habibu. Duk yana nan."

Ya rufe ido, ya yi hamdala.

Abin da na koya ke nan. Idan saba ta ƙi ka, ba gardama take yi ba, sanar da kai take yi cewa wani ya zo bayanka. Wannan wanin mutum ne, kuma ba ka san halin da yake ciki ba. Ka tsaya ka ga abin da ya kawo kafin ka matsar da komai.